Filin Inji da Mai: Maganin "nano" a man boris, ina yake aiki, ina yake ɓarna?

Tun ƙarshen damina tambayoyin da ke shigowa wannan fili suka karkata wuri guda: 'yan kwalaben nan da ake yawo da su ƙofar masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa, ana cewa "nano" ne, in an tsiyaya a man inji boris ya daina cinyewa. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita wasu saboda wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke kula da injuna a wata masana'anta. Maigida ya kawo kwalba ya ce in zuba a giyabos da gidajen boris. Kafin in zuba ina so in san abin da ke ciki, kuma da gaske yana aiki ko romon baka ne?
Daga mai kula da injuna, Bompai.

AMSA: Wa alaikumus salam, Injiniya. Nano ba sunan sinadari ba ne, awo ne. In ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kowane gida shi ne nanomita ɗaya, kuma garin da ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 100 ba shi ake kira nano. Silin gashin kai wajen nanomita 70,000 ne kaurinsa. To kwalbar da aka rubuta mata "nano" kawai ba ta gaya maka komai ba tukuna. Kamar a miƙo maka buhu ne a ce gari ne, ba a ce na masara ko na siminti ba.

Abin da ake sakawa a mai ya kasu. Akwai masu laushi waɗanda jikinsu shimfiɗa-shimfiɗa ne kamar shafukan littafi, in an danna su sai shafi ya zame a kan shafi. A nan ne moli yake, wanda ake rubutawa MoS2, da ɗan'uwansa WS2, da grafait na cikin fensir, da grafin wanda aka fara warewa a Jami'ar Manchester a 2004, da wani fari mai suna boron naitiraid. Akwai na jan ƙarfe da tutiya da taitaniyom, waɗanda nauyi da zafi ke dannewa cikin ƙananan karce na jikin ƙarfe su cike su. Sannan akwai masu tauri, garin daimon da alumina, waɗanda aikinsu goge fuskar ƙarfe ne. Waɗannan na ƙarshen su ne suka fi saurin juyawa su zama yashi in an yi kuskuren awo.

Batun aiki kuwa, sai an duba halin da boris yake ciki. In yana gudu sosai kuma man yana da kaurin da ya dace, man yakan kutsa tsakanin ƙwallo da hanyarsa ya ɗaga su, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Shimfiɗar man nan ba ta kai maikiron ɗaya ba a yawancin boris masu ƙwallo, wato ba ta kai ɗaya cikin dubu na milimita ba, amma ta isa. A wannan hali ƙwayar nano ba ta da aikin yi, yawo kawai take a cikin mai. Inda take da aiki shi ne inda shimfiɗar ta gaza: lokacin tayar da inji da tsayar da shi, shaf mai tafiyar hawainiya da kaya mai nauyi, fil da bushi masu kaiwa da komowa, injin da ke sara ko daka, ko wurin da zafi ya tsinka man. A irin waɗannan wurare gwaje-gwajen ɗakin bincike da yawa sun nuna raguwar gogayya da cinyewa. Wannan ba ƙarya ba ne. Amma a lura, mai mai kyau na giya ko na haidirolik tun daga kamfani ya zo da nasa sinadaran kare ƙarfe, kuma yawancin gwajin da ke nuna bambanci mai girma da tsuran mai marar sinadari ake yinsa. In aka kwatanta da cikakken mai, tazarar takan ragu, wani lokaci ma sinadaran biyu su yi ta rigimar wurin zama a fuskar ƙarfe.

Saboda haka kafin ka zuba, nemi takardar bayanin kayan da ta tsaron lafiya, ka ga sunan abin da ke ciki, girman ƙwayarsa, yawansa cikin ɗari, da irin man da aka dama shi da shi. In mai sayarwa ya ce sirrin kamfani ne, ka mayar masa da sirrinsa.

TAMBAYA: Wani ya zo ofishina da ɗan inji mai wili da hannu. Ya ɗiga man da muke amfani da shi, ya danna hannun, wilin ya yi ƙara ya tsaya. Ya ɗiga nasa, ya danna da ƙarfi, wilin bai tsaya ba. Ya ce kuɗin wuta da dizal za su ragu da kashi 20 cikin 100. Da idona na gani.
Daga wani Alhaji mai masana'anta, Sharaɗa.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, gani ya kori ji, amma sai an san abin da aka gani. Wancan ɗan inji yana danna ɗan guntun ƙarfe ne a kan wili mai juyawa har sai mai ya kasa shiga tsakani. Ba haka boris ɗinka ke aiki ba: a can ƙarfe yana gurzar ƙarfe, a boris ƙwallo mirginawa yake. Kuma abin da ya fi cin wannan gwaji shi ne sinadari mai kulorin, wanda ba nano ba ne ma, tsohon abu ne da ake sakawa a man yankan ƙarfe. In ya haɗu da ruwa da zafi a cikin giyabos yana iya haifar da asid mai cin ƙarfe sannu a hankali. Ba mu ce nasa na da kulorin ba, amma wannan gwaji ba zai raba maka gardama ba.

Batun kashi 20 kuma, mu yi lissafi. Ɗauki motar lantarki mai kilowat 22 tana juya 1450 a minti, da boris 6310 mai ramin milimita 50, a ɗora masa nauyin kilo 300. Gogayyar boris mai ƙwallo wajen 0.0015 ce. In ka buga, wutar da boris ɗin ke ci wajen wat 17 ce, guda biyu su kama 35. A cikin wat 22,000, wannan bai kai ɗaya cikin ɗari biyar ba. Ƙara da jan da sil da giris ke yi, har yanzu ba ka kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Ko da maganin ya shafe gogayyar boris kaf, wanda ba ya yiwuwa, mita ba za ta nuna ba. Giya mai haƙora na yau da kullum kan ci kashi 1 zuwa 2 a kowane hawa. Giyar da ke da asara mai yawa ita ce mai dunƙulen tsutsa da wilin tagulla, wadda kan iya zubar da kashi 20 zuwa 40 ko fiye a matsayin zafi, kuma a nan gyaran mai kan nuna a fili. Amma a nan ɗin ma, sauyawa zuwa man sintetik, wato wanda aka haɗa da sinadarai, da aka yi don irin wannan giya hanya ce da aka fi sani kuma masu ƙera giyar suka yarda da ita.

In ya ce yana da sakamakon gwaji na gaskiya, tambaye shi na ƙwallo huɗu, ASTM D4172: ƙwallaye masu milimita 12.7, nauyin kilo 40, juyi 1200 a minti, zafi digiri 75, awa ɗaya, sannan a auna faɗin tabon da ya fito. Ka ce kana son lamba biyu, ta man da kake amfani da shi shi kaɗai, da ta man nan ɗin bayan an zuba nasa.

TAMBAYA: Na sayi garin moli busasshe, na zuba cokali uku a jarkar mai, na girgiza, na zuba a giyabos. Bayan wata biyu da muka buɗe, sai muka tarar da baƙar laka a ƙasa kamar dagwalon kwata, gilashin duba mai ya yi baƙi ba a ganin komai. Ina kuskuren? Kuma nawa ya kamata a zuba?
Daga bakanike, Dakata.

AMSA: Malam, kuskuren ya fara tun daga cokali, amma babban kuskuren girgizar ce. Ƙwayoyin nano suna da son junansu. Saboda ƙanƙantarsu, jan da ke tsakaninsu ya fi nauyinsu ƙarfi nesa ba kusa ba, sai su dunƙule kamar garin kuka da aka watsa a ruwa ba a burga ba. Hannu ba ya raba su. A masana'antar da ke haɗa irin wannan mai, ana lulluɓe kowace ƙwaya da wani sinadari, kamar asid ɗin oleyik, wanda kansa ke kama ƙwayar, jelarsa na cikin mai, sannan a wargaza dunƙulen da injin girgiza mai amfani da sauti ko injin dama mai tsananin gudu.

In ba a yi haka ba sai lissafi ya juya maka baya. Saurin nutsewar ƙwaya a cikin mai yana tafiya ne da girmanta sau girmanta. Ƙwaya mai nanomita 50 in ta dunƙule ta kai maikiron 5, girmanta ya ninka sau 100, saurin kwanciyarta ya ninka sau 10,000. Lakar da ka gani ke nan. Kuma injin da ke kwana a kashe, ko ya yi kwana biyu ba wuta ba dizal, shi ya fi tara ta. Illarta ba asarar kuɗi kaɗai ba ce: tana toshe ƙananan hanyoyin da ke kai mai ga boris na sama, tana cika filta, kuma da gilashi ya yi baƙi ba wanda zai san man ya sauka ko ruwa ya shiga.

Game da awo, da nauyi ake yi, ba da cokali ba. Yawancin binciken da ya ga amfani ya gan shi ne tsakanin kashi 0.1 zuwa kashi 1 cikin 100 na nauyin man, kuma sau da yawa in an wuce wani mataki cinyewa sai ta sake hawa, domin dunƙule ya yi yawa yana tare bakin shigar mai. Lita 20 na mai wajen kilo 17.4 ne. Kashi 0.1 ɗinsa giram 17 ne, kashi 0.5 kuma giram 87. Duro mai lita 208 a kashi 0.5 yana son wajen giram 900.

Mu ba ma ba da shawarar sayen busasshen gari. Bayan matsalar damawa, yana tashi a iska, kuma ƙwaya mai wannan ƙanƙanta tana isa can cikin huhu, ƙyallen rufe hanci na yadi ba ya tare ta. In za a yi, a sayi wanda aka riga aka dama, a bi wannan hanya. A zubar da tsohon mai yana da ɗumi, a wanke ƙasan giyabos, a sa sabon filta. A girgiza kwalbar sosai, a auna, a fara dama ta da lita biyu ko uku na man a cikin bokiti mai tsabta mai murfi, man da ɗan ɗumi kamar digiri 40 zuwa 50, sannan a haɗa da sauran. A zuba, a tayar da inji nan take ya yi aƙalla awa ɗaya yana gudu. Kada a zuba da yamma a tafi gida.

Akwai wani tarko da mutane ba sa gani. Man da aka dama maganin da shi sau da yawa tsinkakke ne. A ce kwalbar tana da kashi 5 na gari, kana son kashi 0.25 a giyabos: lita ɗaya ke nan cikin lita 19. In lambar kaurin naka ISO VG 220 ce, na kwalbar kuma 32, haɗin zai sauko wajen 196 zuwa 200, alhali iyakar ƙasa ta 220 ita ce 198. Ka ƙara magani, ka rage kaurin da ke ɗaga ƙarfe daga ƙarfe. Wanda ya ninka awo don ya ga aiki da wuri, shi kam ya fita daga ajin man ma gaba ɗaya.

Kafin komai ya shiga inji, yi gwajin kwalba. Haɗa daidai awon a kwalbar gilashi mai haske, rufe, ajiye a wuri mai ɗumi kusa da inji mako biyu zuwa huɗu ba taɓawa. In ƙasan ya yi kauri saman ya washe, haka zai yi a cikin giyabos.

TAMBAYA: Injin casar shinkafa gare ni. Kowane hunturu sai boris na fanka da na injin gogewa sun fara kuka, wata uku mu sauya. An ce in na sa giris mai nano zai cike inda ya cinye, kukan ya tsaya.
Daga mai injin casa, hanyar Zariya.

AMSA: Alhaji, boris ɗin da ya fara kuka ya riga ya tafi, jinya ba ta dawo da shi. Ciken da ake cewa nano na yi, na karcen da ido ba ya gani ne, ƙasa da maikiron ɗaya. Ramin da ke sa kuka, in ka wanke boris da kananzir ka duba hanyar ƙwallo a rana, za ka gan shi kamar inda kwalta ta ɓare, faɗinsa ɗaruruwan maikiron, kuma tsagewar tana ci gaba a ƙarƙashin fata. Sabon giris kowane iri ne zai kwantar da ƙarar na kwana biyu, shi ya sa ake zaton magani ya ci.

Ka ce da hunturu ne, kuma ka ce shinkafa. Ba a wajen mai gizo ke saƙa ba. Ƙurar hazo akasarinta yashi ne mai laushi, kuma ɓuntun shinkafa shi kansa cike yake da silika, shi ya sa yake cin bututu da fuka-fukan fanka. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen boris tauri. Ido ba ya ganin abin da bai kai maikiron 40 ba, alhali shimfiɗar man da ke tsakanin ƙwallo da hanyarsa ba ta kai ɗaya ba. Giris ɗin da kake gani fes yana iya zama cike da abin da ke niƙa boris. Ga alamar: in hanyar ƙwallo ta dushe ta yi toka-toka babu sheƙi, ƙwallayen sun rame, boris yana lilo a hannu, ƙura ce. In kuwa ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa, giris ya ƙone ya daskare, zafi ne ko rashin mai. In ka ga ramuka a jere tazararsu daidai da tazarar ƙwallaye, guduma ce ta yi su ranar da aka saka shi.

Abin yi kafin a kashe ko sisi a kan nano: a duba sil na gidan boris, a sauya wanda ya taurare, a ƙara zoben roba mai leɓe a kan shaf daga waje. A goge kan nonon giris kafin a ɗora bindigar giris, domin ƙurar da ke kansa ita ce ta farko da ke shiga. Bokitin giris ya zauna a rufe, ba a ɗiba da tsinke ko yatsa. Giyabos kuma a cire masa buɗaɗɗen hancin shan iska a sa mai filta, saboda duk sanda ya huce da dare iskar waje yake zuƙa da ƙurarta.

Sai awon giris, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Yawan da ake ƙarawa a giram shi ne faɗin boris na waje sau kaurinsa a milimita sau 0.005. Boris 6310 faɗinsa 110, kaurinsa 27, giram 15 ke nan. Babban 22220 mai 180 da 46 yana son giram 41. Matsa bindigarka sau goma a kan sikeli ka san abin da take fitarwa a kowane matsi, domin bindiga ba ɗaya ba ce. Gidan boris ba a cika shi fal, kashi 30 zuwa 50 na sararin ciki ya isa. In an cika, ƙwallaye suna ta tuƙa giris kamar tuwo, zafi ya hau, man cikinsa ya tsiyaye ya bar sabulun da ke riƙe man a bushe.

Fanka kuma mai gudu ce, wata tana kai 2900 a minti. Giris mai gari a ciki, nano ne ko moli na gargajiya, ba nan ne wurinsa ba, masu ƙera boris sun fi son giris marar gari a irin wannan gudu. A duba ko bel ya yi tsauri da yawa, a duba ko ɓuntu ya manne a fuka-fuki ya sa fanka rawa, a sa boris mai C3, wato mai ɗan ƙarin sarari a ciki, in wurin na zafi. Wajen sakawa a ɗumama shi, kada ya wuce digiri 110 zuwa 120, ya shige shaf da kansa.

Zafin Kano ma yana da nasa rabon. Lambar da ke jikin duro, 68 ko 220, kaurin man ne a digiri 40. Mai 68 in ya kai digiri 70 kaurinsa wajen 20 ne, a digiri 80 bai kai 15 ba. A watan Afrilu da inuwa kanta ke haura 40, ƙarƙashin rufin kwano, gidan boris ba ya wahalar kai 80. Sau da yawa ɗaga man mataki ɗaya, daga 68 zuwa 100, in littafin injin ya yarda, shi ne abin da ake nema a kwalbar nano. Kuma daga wajen digiri 60 zuwa sama, kowane ƙarin digiri 10 yana raba kwanan man gida biyu.

TAMBAYA: Akwai injin da bai kamata a zuba masa ba sam?
Daga ɗalibin injiniya mai sanin makamar aiki a masana'antar roba, Sharaɗa.

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, kuma na gabanka ne na farko. Haidirolik na injin zuba roba yana da bawul da sararin cikinsu 'yan maikiron ne, da filta mai maikiron 3 zuwa 10. Ƙwaya ɗaya tak za ta wuce, dunƙule ba zai wuce ba: ko filta ta cika ta buɗe hanyar gefe ƙazamin mai ya zagaya, ko bawul ya fara sarƙewa.

Na biyu, birkin hana komawa baya da ke kan shaf ɗin injin ɗaga hatsi mai bokitai da dogon bel mai hawa. Shi da gogayya yake kamawa. Moli ko grafait na iya sa shi zamewa, ranar da wuta ta ɗauke bokitai cike da kaya su juyo da baya. In yana shan mai ɗaya da giyabos, kada maganin ya shiga giyabos ɗin. Haka kulochi da birki masu aiki a cikin mai. Haka bushin tagulla mai ƙananan ƙofofi da ke riƙe mai a jikinsa, gari yana toshe su. Boris na motar lantarki ma a bar shi da giris ɗinsa, musamman kada a kawo mai grafait ko jan ƙarfe, domin rarar giris takan gangara cikin waya. Kwamfuresa mai dunƙule tana da filtar raba mai da iska wadda gari ke kashewa. Duk injin da ke cikin garanti kuma, karanta takardarsa tukuna.

TAMBAYA: Ina da injin matsar man gyaɗa. Zan iya sa irin wannan a boris ɗin da ke kusa da inda mai ke fita?
Daga wata Hajiya, Dawanau.

AMSA: A'a, Hajiya. Duk inda giris zai iya ɗiga cikin abin da mutane za su ci, wanda ake sawa shi ne mai shaidar H1 a jikin gwangwaninsa, kuma da zarar an zuba masa wani abu daga waje shaidar ta faɗi. Boris ɗin ƙarshen dunƙulen matsa yana ɗaukar turi mai nauyi a hankali ga zafi, gaskiya irin wurin da gari ke taimako ne, amma akwai giris H1 mai kauri da aka yi don haka. Giyabos ɗin da ke can baya, in sil ɗinsa lafiya yake kuma akwai tazara tsakaninsa da kwanon mai, hukuncinsa irin na sauran giyabos ne.

TAMBAYA: To in mutum ya gyara duk waɗannan kuma yana so ya gwada, yaya zai gane ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?
Daga shugaban sashen gyara a wata majema, Challawa.

AMSA: Injiniya, zaɓi inji biyu masu kama da juna, masu aiki iri ɗaya, waɗanda tsayawarsu ba za ta tsayar da masana'anta ba. A majema, giyar gangunan jima wuri ne da ya dace: tafiya a hankali, nauyi, tashi da tsayawa. Sai dai a can ruwa da laima sun yi yawa, moli kuma ba ya son laima, santsinsa raguwa yake. Fara da gwajin ruwa: ɗiga man a kan faranti mai zafin digiri 130 zuwa 150, in ya yi tartsatsi kamar an jefa albasa a mai, akwai ruwa, sai an magance shi kafin a yi maganar gwaji.

Yi mako biyu kana rubuta halin injinan kafin ka taɓa komai. Sa ɗigon fenti a gidan boris, kullum a nan za ka haska bindigar auna zafi, a lokaci guda na rana, bayan inji ya yi awa biyu yana aiki. Rubuta zafin ɗakin ma, domin abin da ake kwatantawa shi ne tazarar da ke tsakaninsu. In ba haka ba, wanda ya fara gwaji a Oktoba ya ƙare a Disamba zai ga zafi ya sauka ya yaba wa kwalba, alhali hunturu ne ya shigo. Auna amfiya da kilamita, ka rubuta boltej tare da ita, ka nuna ko wutar layi ce ko janareta, da nauyin kayan da ke cikin ganga.

Sannan ka sauya mai a duka biyun rana ɗaya, daga duro ɗaya, ka zuba maganin a guda kawai. Wannan shi ne matakin da masu talla ke tsallakewa. Sukan zubar da man da ya shekara, su wanke, su zuba sabo da maganinsu, inji ya yi sanyi, a ce magani ne. Bari gwajin ya kai wata uku zuwa shida. Duba maganaɗisun murfin zubar da mai kowane wata, ka ɗauki hoton abin da ya kama: laushin baƙin gari kaɗan ba komai, ɓarɓashi mai ƙyalli kamar ƙaiƙayi shi ne labari marar daɗi.

In za ka aika mai ɗakin gwaji, aika kwalba uku: sabon mai tsura, sabon mai da magani, da wanda ya yi aiki. Ka kuma rubuta musu abin da ka zuba. Injinsu yana karanta ƙarafan da ke cikin mai ne don ya gane abin da ke cinyewa, jan ƙarfe na nufin bushi ko kejin boris, silikon na nufin ƙura. In maganinka na jan ƙarfe ne ko na silika, rahoto zai dawo da jan layi a ce bushi ya mutu, ko kuma bushin ya mutu da gaske a ɗauka magani ne. Na'urar ƙirga datti mai aiki da haske ma takan rikice da baƙin mai, ta ƙirga dunƙulen magani a matsayin ƙura. Lambar baƙin ƙarfe ita za ka bi, ka kwatanta ta injin da aka zuba wa da ta wanda ba a zuba wa ba, a awannin aiki iri ɗaya, tare da kaurin man da yawan asid ɗinsa, domin jan ƙarfe yana hanzarta tsufan mai. Samfurin kuma a ɗebe shi inji na gudu ko da tsayawarsa, daga tsakiyar man, ba daga ƙasan da laka ke kwanciya ba.